Sirdin Mutum Ɗaya

Ranar da aka raba gadon Alhaji Issifou mahauci a Dapaong, babu wanda ya ko kalli babur ɗin. Yana jingine a bayan ɗakin girki, tayoyinsa sun kwanta, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana har shekara huɗu, tun da idon Alhaji ya daina gani sosai. Magadan uku ne kacal: matarsa Adiza, babbar 'yarsa Husseina, da autansa Abdulrauf mai aikin ofis a Sokodé. Da Abdulrauf ya ce yana son babur ɗin, Husseina ta ce ya ɗauka har da kashin kajin, ta yafe masa nata rabon.

Inna Adiza ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ta ce, "Auta, in ka samu moton nan ya tashi, ka zo ka kai ni wurin Yaya Zalia. Kafin nan na fita takaba."

"To, Inna," in ji shi.

Wannan "to" ɗin ba ƙaramin abu ya ɗauko ba. Zalia ita ce yayar Inna, su biyu suka rage a ɗakinsu, tana wani ƙauye bayan Tandjouaré, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ko gaisuwar mutuwar Alhaji ba ta iya zuwa ba. Tafiyar ba ta kai ta awa guda ba, amma Inna ba ta shiga mota. Da ta ji warin fetur a rufe sai kanta ya juya, ta yi ta amai har a sauke ta a hanya. Ba ta hawa bayan ɗan zem, mai haya da babur, domin a ganinta mace mai shekarunta ba ta zama a bayan baƙon namiji. Mijin Husseina, Nourou, yana da babur, amma suruki ne, ko ido ba sa haɗawa balle ta zauna a bayansa. Tun da aka kawo ta Dapaong tana amarya, a bayan mutum ɗaya ta taɓa zama, a kan babur ɗaya. Shekara huɗu kenan 'yan'uwan nan ba su ga juna ba.

Abdulrauf ya ɗora babur ɗin a kan motar kaya ya kai shi gidansa a unguwar Kpangalam a Sokodé. Ya kamata a faɗi gaskiya a kansa: mutumin kirki ne, amma bai taɓa riƙe sufana ba sai don ɗaure ƙafar fanka. Abin da yake da shi shi ne waya, da taurin kai, da yammacin kowace rana bayan ya taso daga ofis. Makanikai sun cika Sokodé, ya ce babu wanda zai taɓa babur ɗin babansa sai shi.

Ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya jingina wayar da bulo, yana kallon yadda ake kwance inji yana kwancewa. Notuna suka cika gwangwanayen tumatir. Da gwangwanayen suka ƙare ya koma kan farantan matarsa Ummusalma, har ranar da ta tarar da kafireto yana jiƙe cikin kananzir a kwanon da take tuwon baƙi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ɗauke sauran kwanukan ta kulle a ɗaki. Ya fasa ɗan yatsa sau biyu. Ya sa zoben fistin a juye, ya sake kwancewa. Da ya haɗa injin a karo na uku notuna biyu suka rage a buhu, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya zuba su a aljihu bai gaya wa kowa ba.

A mako na bakwai, wata Asabar da hantsi, ya taka babur ɗin ya yi tari, ya sake takawa ya tashi. Hayaƙi ya cika gidan, awakin maƙwabta suka watse. Abdulrauf ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na zubo masa, domin ƙarar nan ita ce yake ji yana yaro in Baba ya dawo daga mahauta. Da a nan ya tsaya, da an yi masa sannu da aiki an wuce wurin.

Amma wayar nan da ta koya masa haɗa inji ita ce kuma ta nuna masa abin da wasu ke yi da tsofaffin babura a wasu ƙasashe. Suna yanke bayan babur, su bar sirdin mutum ɗaya da ɗan tozo a ƙarshensa, su sauke kan ya yi ƙasa, su ɗaga salansa ta bi gefe ta sama. Ya kalla ya sake kalla, sai ya ga nasa ya zama kamar jakin kaya. Kuma gaskiya jakin kaya ne. Alhaji ya sa an ƙara masa doguwar kariya mai faɗi don ɗaukar cinyar saniya, da dogon sirdi, da wani katako a gefen hagu wanda Abdulrauf bai tsaya tunanin amfaninsa ba.

Ya aro injin yankan ƙarfe wurin maƙwabcinsa Fayçal. Yana zana layi da alli a inda zai yanka, Ummusalma ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya a kansa.

"Maigida, in ka yanke nan, Inna a ina za ta zauna?"

"Na riga na yi tunanin wannan," ya ce. "Mota zan ɗaukar mata, ita kaɗai, mai sanyi, a buɗe mata gilas in tana so. Ni ina gaba a kan moto ina mata jagora. Tsohuwa kamar Inna a ce tana jijjiga a bayan moto? Mutane ma sai su zage ni."

"Ita ta ce maka tana son mota?"

"Ba sai ta ce ba. Girma ne zan ba ta."

Ummusalma ta ce, "To, Allah ya sa girman ya yi mata daidai," ta ci gaba da shararta.

Da gaske yake, ba wai ya manta da alƙawari ba ne. Irin 'ya'yan nan ne da in uwa ta roƙi abu sai su ga ai sun san wanda ya fi shi. Cikin minti goma ɓangaren bayan babur ɗin ya faɗi ƙasa, kariya da rabin sirdi da katakon duka. Washegari masu sayen tsohon ƙarfe suka wuce da kurarsu, ya ba su, don kada tarkace ya tare masa wuri.

Daga nan aikin ya yi daɗi, kuma ya yi kyau, wannan ba a hana shi. Mako uku ya yi yana bugun wani falankin ƙarfe a kan turmi har ya fitar da tozon. Ya goge tankin har ya ga fuskarsa, ya fesa masa baƙin fenti da siririn layi ruwan zuma. Ya kai sirdin Zango wurin wani tsohon baduku ya rufe shi da jar fatar akuya. Badukun ya juya abin a hannu ya ce, "Ina sauran?" Abdulrauf ya ce iyakarsa kenan. Tsohon ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ɗinka wa marowacin moto riga ba, amma ya ɗinka, kuma ɗinkin ya fita. Salansar ma ya lanƙwasa ta, ta bi gefen hagu ta sama, dab da ƙasan sirdin, kamar yadda ya gani.

A Kpangalam babur ɗin ya yi suna. In ya tsaya a bakin masallaci sai an kewaye shi. Wani abin da ya ƙara masa daɗi, wanda bai faɗa wa kowa ba, shi ne yanzu babu mai tare shi a hanya ya ce a rage masa tafiya zuwa kasuwa. Mutum zai ɗaga hannu, ya ga babu wuri, ya sauke.

Inna ta fita takaba, aka ƙara wata guda. Ranar Alhamis ya kira Husseina ya ce a gaya wa Inna yana tafe ranar Asabar, da babur. Maganar mota ya bar ta sai ya iso, don ya ga farin cikinta da idonsa.

Ya bar Sokodé bayan sallar asuba. Kafin ya kai Kara ya gane cewa masu irin wannan babur a waya ba sa yin tafiyar kusan kilomita ɗari uku a kansa. Kan ya yi ƙasa, shi kuma ya duƙa kamar mai ruku'u, wuyansa ya riƙe, bayansa ya ƙage. A hawan Défalé injin ya yi zafi, ya tsaya ya jira shi ya huce. A Mango ya ci shinkafa a tsaye domin zama ya gagara. Duk inda ya tsaya kuwa sai an taru ana kallo, wannan ya riƙa rage masa ciwon. Ya wuce Tandjouaré da la'asar, dawa ta nuna a gonaki hagu da dama, ya ga hanyar ƙauyen su Zalia ta ratse, ya ce a ransa gobe war haka an gama.

Tun daga bakin layi Inna ta ji ƙarar. Kafin ya kashe injin ta riga ta fito ƙofar gida, ba ko takalmi. Ya sauka da ƙyar ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, amma idonta na kan babur ɗin. Ta zagaya shi sau ɗaya. Ta ɗora hannu a kan tankin, ta shafo jar fatar, ta bi ta kan tozon, hannun ya wuce ya sami iska. Ta tsaya haka kaɗan, sannan ta mai da hannun cikin mayafi.

"Ya yi kyau, Auta. Sannu da aiki. Allah ya tsare."

Ya yi sauri ya kawo maganar motar: ita kaɗai, mai sanyi, direban ma ya san shi, shi kuma yana gaba. Ta saurare shi har ya gama.

"To," ta ce. "Ka shigo ka sha ruwa, ka sha hanya."

Yana cin abinci a tsakar gida, Husseina ta zo ta tsaya ta yi masa alama da kai ya biyo ta. Ta kai shi bakin ɗakin Inna ta ɗaga labule kaɗan. Inna na zaune a bakin gado ta juya baya, gabanta ƙullin kaya ne a buɗe. Tana fitar da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin akwati: turmin zane, sabulu, sukari, ƙullin goro, man zafi na ƙafa. A ƙafafunta akwai sabon lalle.

Husseina ta saki labulen ta ja shi gefe.

"Tun ranar Alhamis ta ɗaure kayan nan," ta ce a hankali. "Lallen nan shi ne na farko tun rasuwar Baba. Jiya ta sa na kira ƙauye na ce a gaya wa Yaya Zalia tana tafe."

"Yaya, ai za a je. Ga mota."

"Kai ka taɓa ganin Inna a mota?"

"To in ari moton Nourou, ni in tuƙa ta."

"Ka ara mana, zai ba ka. Za ta ce maka to, gobe kuma ta ce kanta na ciwo. Kai ba ka gane ba ne? Ba zuwan kaɗai take so ba. A kan wannan take so ta je, yadda ta saba zuwa. Shekara arba'in tana zama a wurin nan da ka yanke." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ina ƙarfen?"

"Na bayar."

"Ka bayar," in ji Husseina, ta koma wurin tukunyarta.

Kunya ta kama Abdulrauf irin wadda bai taɓa ji ba. Da Inna ta yi masa faɗa da ya sami abin cewa, amma ta ce ya yi kyau. Ya fita ya zauna kusa da babur ɗin, yana kallon tozon da ya ci masa mako uku. Har yanzu yana sonsa, abin haushin kenan. A duk rayuwarsa ta cike takardu a ofis, wannan ne abu na farko da ya yi da hannunsa mutane suka tsaya kallo.

Da safe ya tura shi wurin Fousséni mai walda, a bayan kasuwa. Fousséni mutumin Dapaong ne, Hausar kasuwa yake yi, kuma ya san Alhaji. Ya zagaya babur ɗin yana fito da baki.

"Kai! Wannan moton Alaji ne? Wa ya yi?"

"Ni."

"Ka iya. Wallahi ka iya. To me ya lalace?"

Abdulrauf ya ce yana so a mai da wurin zaman mutum na biyu, yau ɗin nan, tsohuwarsa zai kai Tandjouaré.

"Mama Adiza?" Fousséni ya tsuguna a gefen hagu ya ƙwanƙwasa salansar da yatsa. "Wurin zama ba wahala. Wannan ne wahala. Mama ba shi zama kamar ni da kai. Shi zauna gefe, ƙafa biyu duka nan. Alaji ya sa katako nan don ƙafa nashi. Kai ka sa wuta a wurin. Kafin ku fita gari ƙafa ya gasu."

Sai a lokacin Abdulrauf ya gane amfanin katakon. Ya sha ganin Inna a kai yana yaro, zaune a karkace, zane a rufe har idon sawu, amma bai taɓa duban inda take ɗora ƙafa ba.

"Sai an sauke ta kenan," ya ce.

"Sai an yanka. Tozo ma sai an yanka. Fenti zai ƙone, ni ba ni da irin naka. In ka ba ni sati ɗaya in yi mai kyau."

"Gobe da safe ina ofis a Sokodé."

"To zai yi ƙarfi, amma ba zai yi kyau ba. Ka zaɓa."

Abdulrauf ya miƙa hannu ya ce a ba shi injin yankan. Fousséni ya ce ai aikinsa ne, Abdulrauf ya ce a'a, shi ya san inda ya haɗa. Ya ɗora ƙarfen a gindin tozon ya danna. Bai kai minti biyu ba tozon ya faɗi cikin ƙasa, wani mai faci da ke gefe ya ce, "Asara!"

Sauran aikin Fousséni ne. Ya yanko bututun ruwa guda biyu ya ƙara tsawon bayan, ya ɗaura ƙarafa a tsakani. Wutar walda ta bi baƙin fentin ta tayar da shi ƙuraje ƙuraje har gefen tanki. Ya yanke salansar ya sauke ta ƙasa, ya cike tsakiyar da guntun ta wani mataccen babur, mai tsatsa. Aka samo katako daga akwatin tumatir aka ɗaure a hagu. Aka yanko soso daga tsohuwar katifa, aka rufe da shuɗiyar leda mai kauri, aka buga ƙusa. Jar fatar badukun Zango ta zauna a gaba, shuɗiyar leda a baya. Fousséni ya hau ya yi tsalle a kai sau uku ya ce ko sa aka ɗora ba zai karye ba. Da suka gama ana kiran azahar, kuma babu wanda ya taru kallo.

Ya shiga gida da shi a ture. Inna na alwala a bakin rariya. Ta ɗago ta ga bututun ruwan, da ledar, da katakon, da fentin da ya ƙone.

"Auta, me ya sa ka ɓata abinka? Ai da na shiga motar."

"Ba ki shiga, Inna."

Ba ta musa ba. Ta idar da sallarta, ta shiga ɗaki, ba ta daɗe ba ta fito da ƙullin kayan a ɗaure. Husseina ta ɗaure shi a kan tanki da igiyar roba. Inna ta tattara zanenta, ta juya, ta zauna a karkace ba tare da kowa ya riƙe ta ba, ta ɗora ƙafafunta biyu a kan katakon. Ta ɗan motsa ta gyara zama, ta ce katakon ya yi gaba kaɗan amma ba komai. Ta yi bisimilla.

Suka fita gari a hankali. Ba ta riƙe shi ba, hannunta ɗaya na kan cinyarta, ɗayan a ƙarfen baya. Shi kuwa yana duƙe a kan nan nasa da ya sauke, yana kauce wa kowane rami kamar ya ɗauko ƙwai. Manyan motoci na wuce su suna hon. Bayan sun bar gidajen ƙarshe ta ce masa ya ƙara wuta, ita ba jinya za a kai ta ba. Ya ƙara.

Sun yi nisa cikin gonakin dawa sai ya ji nauyi a bayansa. Inna ce ta jingina gefen fuskarta a tsakanin kafaɗunsa. Tun da ya yi wayo ba ta taɓa jingina da shi ba. Can kuma ya ji rigarsa tana jiƙewa a wurin, jikinta yana ɗan rawa. Tausayinta ya cika masa ƙirji har ya rasa yadda zai yi, ya rage wuta ya fara gangarawa gefen titi.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Inna, ba ta ɗaga kai ba. "Tafi. Tana jira."

Ya mai da babur ɗin kan kwalta, ya ci gaba da tafiya.